Ɗakin Amarya A Dayi: Ina Mu Ina Bakin Teku?

 

Makon jiya na je jere a Dayi, garin nan na ƙasar Malumfashi inda hanyar Kano da ta bi ta Gwarzo ta ɓullo. Amarya ɗiyar ƙanena ce, don haka ba zuwan kallo na yi ba, da ni aka yi ɗawainiya. To, abin da na gano a can shi ne ya hana ni sakat, har na ce lalle sai na kawo shi fili mun tattauna, domin na san ba gidanmu kaɗai abin ya shiga ba.

Sa'ad da aka buɗe mana ɗakin sai kowa ta yi turus a bakin ƙofa. Bango fari fat, kujeru farare, labule fari shara-shara har ana hango katanga ta cikinsa, ga 'yan filoli shuɗɗa an jera a kan kujerun. A bango an rataye hoton wani jirgin ruwa mai filafilai, da madubi wanda aka naɗe bakinsa da igiya, a kan tebur kuwa ga wani ƙaton ƙwanson dodon koɗi na roba. Kakar yarinyar, watau mahaifiyarmu, ta duba gabas ta duba yamma, ta ce, "To, ina jeren? Ko ɗakin asibiti aka kawo mu?" Amarya ta yi dariya ta miƙo mini wayarta, ta ce, "Gwaggo, ai shi a ke yayi yanzu. Adon bakin teku ke nan, dubi yadda ya ke a hoto." Na duba, na ga kuwa an kwaikwaya ƙwarai. Sai dai ni na san yarinyar nan, babban ruwan da ta taɓa gani a rayuwarta shi ne madatsar Mairuwa ta Funtua.

Kada in ci amanar gaskiya, ɗakin ya yi kyau. Akwai sarari, akwai haske, mutum na shiga sai ya ji ransa ya yi sanyi. Mu da muka yi aure a zamanin da a ke cika ɗaki da kwanoni tun daga ƙasa har rufi, gado mai rumfa ya cinye rabin ɗaki, kabad ya cinye sauran, mun san wahalar wannan. Ranar da za a wanke jere yini a ke yi, kyankyaso ya sami gidan haya, baƙuwa kuwa sai dai ta ɗosana a bakin gado. Saboda haka 'yan matan yanzu da su ke son ɗaki mai iska ba su yi laifi ba. Abin da na ke so mu duba shi ne, wannan ado don wa aka yi shi, kuma me ya ci kafin ya shigo ɗakin 'yar manomi a Dayi.

Asalinsa dai na mutanen da ke zaune a gaɓar teku ne. A Amurka akwai garuruwan bakin tekun Atlantika, irin su Hamptons da ke gabas da birnin New York, inda masu hali ke gina gidajen hutu, su je su sha iska lokacin zafi su koma. A tsibiran ƙasar Girka, irin su Santorini, a kan shafe gidaje da farar ƙasa don ta mai da zafin rana, a yi wa ƙofofi da tagogi shuɗin fenti. Hajiyoyin da suka sami zagayawa tsohon garin Jidda sun ga nasu irin, gidaje masu hawa-hawa da aka gina da dutsen teku, da manyan tagogin katako masu raga-raga domin iskar Bahar Maliya ta shiga. Duk waɗannan mutane abu guda ya haɗa su, iskarsu mai laima ce, kuma mai sanyi ce daga ruwa. Abin da ke damunsu shi ne danshi da gishiri, masu sa ƙarfe tsatsa, su sa tufafi fumfuna. Shi ya sa su ke son babbar taga a buɗe, da labule marar nauyi mai saurin bushewa, da kujerun saƙa waɗanda iska ke ratsawa. Igiya da ƙwanso da hoton jirgi kuwa, ai kayan sana'arsu ne, kamar yadda za ki shiga zauren manomi ki ga garma da lauje a rataye. Watau kowane abu a ɗakin nan yana da dalilinsa a can.

To, mu fa? Daga Dayi zuwa Ikko, inda teku ya ke, tafiya ce ta wajen kilomita 1,000. Iskar da ke ziyartarmu daga watan Nuwamba har zuwa Fabrairu ko Maris ita ce ta hunturu, kuma ba ta zuwa hannu sake. Masana sun nuna cewa yawancin ƙurar nan daga kwarin Bodele ta ke tasowa, a arewacin ƙasar Chadi, wurin da dā can ƙarƙashin wani makeken tafki ne da ya ƙafe. In dai ana neman rabonmu na teku, to shi ke nan, garin tafkin da ya bushe, yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa ko an rufe. Ga kuma jar ƙasarmu, ga ƙaiƙayi in ana sussuka, ga hayaƙin murhu. Kwana uku na yi a Dayi bayan jere, ban baro garin ba sai da na ga labulen nan ya fara komawa ruwan ƙasa daga gefen taga.

Wa zai wanke? Ita ce, da ruwan da za ta saya wurin 'yan garuwa ko ta jawo a rijiya, da sabulu da bula na kuɗin cefane. Labule dai a cire a wanke, kujerar da aka ɗinke farin yadi a jikinta fa? Gidan da aka kai ta gidan gandu ne, da 'ya'yan facaloli fiye da goma, kowane da hannun miyar kuka ko na manja. Cikin biyu za a yi ɗaya. Ko ta bar su su shiga, kujeru su mutu kafin a yi sunan fari, ko ta riƙa korarsu, a ce amarya ba ta son mutane. Kun kuwa san abin da wannan kalma ke jawo wa mace a gidan miji. Ɗakin matar Bahaushe ba wurin hutun mako biyu ba ne, nan ta ke karɓar 'yan barka, nan ta ke jego, nan a ke zaman gaisuwa in an yi rashi.

Haka batun babbar taga. Mai gidan bakin teku yana buɗe taga ya ga ruwa har iyakar ganinsa. Ke in kin buɗe taki katangar maƙwabci za ki gani, ko kuwa masu wucewa su gan ki. Gidanmu ciki ya ke fuskanta, tsakar gida ita ce sararinmu. Magina na dā da su ke yin bango mai kauri da tubali, su bar 'yar taga can sama, ba rashin wayo ne ya sa su ba. A bazara, lokacin da zafi kan kai awo 40, ɗakin soro ya fi ɗakin bulo mai rufin kwano da tagar gilas sanyi nesa ba kusa ba, ba tare da an jira wutar lantarki ba.

Amma duk wannan ƙarami ne a kan abin da ya fi ci mini rai. Da dare na zauna da ƙanena a zaure, na ce masa, "Kai kuwa nawa kayan nan suka ci?" Ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, bari kawai." Da na matsa sai ya faɗa mini cewa masarar da ya noma bana kusan duk ta tafi, da waken suya, kuma ya jinginar da 'yar gonarsa ta fadama. Ya sayar a kaka, lokacin da hatsi ba ya da daraja, alhali kuwa takin da ya zuba da tsada ya saye shi. Tun da aka janye tallafin mai a 2023, darajar naira kuma ta faɗi, duk abin da a ke shigowa da shi daga Turkiyya ko Sin ya yi tashin gwauron zabo, yadin kujera da soso da fenti duk sun bi sahu. Yana da sauran 'yan mata uku a gida, kuma kowace ta ga ɗakin yayarta.

A nan ne na ke so mu tsaya mu yi tunani, mu iyaye. Mene ne kayan ɗaki tun asali? Dukiyar mace ce. Ita ce kaɗai abin da ta ke shiga da shi gidan miji wanda ba mai iko da shi sai ita, in zama ya ƙi kuma, Allah ya kiyaye, da shi ta ke fita. Kakanninmu da ƙorai suka yi jere, da tasoshin tagulla na Bida ga masu hali. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga baya aka ja reshensa daga Zariya ta Funtua har ya kai Ƙaura Namoda a 1929, sai audugar ƙasar nan ta riƙa fita, kwanonin Turai suna shigowa. Daga nan aka shiga zamanin langa da fanteka da kumbo da samira, har aka zo ana ƙera su a masana'antun Ikko da Kano. 'Yan boko sun sha yi wa iyayenmu dariya, wai me mace za ta yi da kwano ɗari alhali cikinta ɗaya. Ba su gane ba ne. Jeren nan asusu ne. In yaro ya kwanta ciwo maigida ba ya nan, a zare saiti ɗaya a ba dillaliya, kafin la'asar kuɗi sun zo. In an tashi aurar da ɗiya, rabin kayanta daga bangon uwarta za su sauko. A shekarun fari, irin na 1973 da na 1984, gidaje da yawa jeren mata ne ya sayo musu hatsi. Kwano ba ya ruɓa, gara ba ta cinsa, in an goge shi bayan shekara ashirin yana nan yana ƙyalli.

Yanzu ku ɗauki kujerun ɗiyata ku kai wa dillaliya bayan shekara biyu, ku ji abin da za ta taya. Katakon ma da aka yi gadon da kabad ɗin ba katako ba ne, dusar katako ce aka matse da gam aka lulluɓe da farar leda. In ruwa ya taɓa ƙafarsa sai ya kumbura ya fashe, in aka kwance shi sau ɗaya don ƙaura ba ya sake ɗauruwa daidai, gara kuwa ta sami tuwo. Watau an ɗauki gona, abin da ke haihuwa kowace shekara, an mai da ita abin da ke mutuwa tun ranar da aka sauke shi daga mota. Yarinyar kuma da a ke cewa an yi wa gata, an kai ta ɗaki ba ta da abin da za ta ɗaga ta sayar ran da ta shiga uku.

Kada ma a je da nisa. Mu a kudancin Katsina mun ga abin da ya sami 'yan'uwanmu mata na ƙauyukan Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, waɗanda 'yan bindiga suka tasa cikin 'yan shekarun nan. Wadda ta fito da dare da goyo a baya ba ta ɗauko kujera ba. Ɗan kunnen zinariya da ke kunnenta, ko keken ɗinkin da aka samu aka koma aka ɗauko, su ne suka kama mata hayar ɗaki a Funtua ko Malumfashi.

Wani abin dariya kuma, da na zauna na ƙare wa hotunan wayar kallo, sai na ga yawancin abin da Turawan nan ke taƙama da shi muna da shi a bayan ɗaki, mun raina. Suna son fari da shuɗi. To, wa ya kai mu shuɗi? Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda a ke cewa tun 1498 ta ke, har yau ana tsoma zane a baba a cikinta, turkuɗin Kura kuwa har cikin Sahara Buzaye ke nemansa. Luru fa, bargon nan na saƙi, fari mai ratsin shuɗi, wanda kakanninmu ke shimfiɗawa a gado? Shi ne fa ainihin abin da ke kan gadon hoton, sai dai nasu na inji ne. Suna son shimfiɗar saƙa a ƙasa, muna da tabarmar kaba. Suna rataye faya-fayai a bango, su saye su da tsada a kantunansu, mu kuwa muna rufe fura da su. Suna son labulen kara, mu mun san asabari tun kafin a haife mu. Audugar da za a yi duk wannan, a gonakin Funtua da Malumfashi da Bakori a ke nomanta.

Har ƙwanson tekun ma mun riga su sa shi a ɗaki. Wuri, wanda jam'insa ne ya ba mu kalmar kuɗi, daga tsibiran Maldib na tekun Indiya a ke kawo shi. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya zo Katsina da Kano a 1851, ya tarar ana canza dalar azurfa guda a kan wuri 2,500. Da shi a ke yi wa ƙorai da faya-fayai ado, murjani kuma, shi ma ɗan teku ne, yana wuyan kowace mace mai ji da kanta. Sai dai ku lura, abin tekun da kakanninmu suka ajiye a ɗaki kuɗi ne da kadara, namu na yanzu roba ce.

Don haka ni ban ce a koma cika ɗaki da kwanoni ba, wannan zamani ya wuce, ko dillalai ma ba su nemansu kamar dā. Ban kuma ce a hana yarinya abin da ranta ke so ba, ɗakinta ne, ita za ta zauna. Shawarata ita ce a ɗauki abin da ya dace da mu a bar musu sauran. Sarari da ƙarancin tarkace, a ɗauka, ya ma fi sauƙi ga aljihu. Bango in ana son haske, a sa fenti mai ruwan madara ko ruwan ƙasa mai haske, wanda a ke iya gogewa da tsumma, a yi wa gindin bango launi mai duhu daidai inda hannun yara ke kaiwa. Kujera a yi ta da katakon gaske, maɗaci ko makamancinsa, wurin kafintan gari wanda in ta karye za a mayar masa, a ɗinka mata riga mai cirewa, shuɗiya mai duhu, fararen kuwa su tsaya a kan 'yan filoli da za a iya wankewa a bokiti guda. Labule a yi biyu, mai kauri don hunturu, shara-sharan a adana shi sai damina ta kwantar da ƙura. Ai ko mutanen bakin tekun ma suna sauya kayan ɗaki in sanyinsu ya zo.

Abin da ya ragu daga kuɗin, wanda na tabbata ba kaɗan ba ne, a saya mata abin da sunanta ke kai. Zinariya ko 'yar ƙanƙanuwa ce, ko tunkiya biyu a bar mata wurin uwarta, ko keken ɗinki, ko injin markaɗe, ko firji in garin da wuta ko akwai sola. A kuma faɗa a gaban dangin ango ranar kai amarya cewa wannan nata ne, kamar yadda a ke nuna gara da sauran kaya, don kada gobe a yi musu.

Na san abin da wasunku za su ce, wai gori a ke gudu. Gaskiya ne, amma su wa ke gorin? Ba maza ba ne. Ango da abokansa ba su san bambancin labulen dubu biyar da na dubu hamsin ba. Mu ne, mu 'yan ganin ɗaki, mu ne mu ke shiga muna taɓa yadi muna taɓe baki, mu fito mu ce ɗiyar wane ba a yi mata komai ba. Yanzu ma abin ya ƙaru, tun da kafin a gama kafa gado an ɗauki hoto an watsa a WhatsApp, matan Kano da na Kaduna suna ba da maki. Uwar amarya ba don ɗiyarta ta ke hana mijinta barci ba, don bakinmu ne. Ni kaina da na ke wannan rubutu na taɓa yin irin wannan magana a gidan wani biki, na kuwa ji kunya da na tuna ta a zauren ƙanena.

Da zan taho na kira amarya gefe, na ce, "Ɗiyata, ɗakinki ya yi kyau, Allah ya sa ki ci moriyarsa. Amma ki sauke labulen nan ki ninke sai watan Yuni." Ta ɗan ɓata rai, ta ce, "Gwaggo, to ai sai ɗakin ya lalace." Kakarta na jin mu, ta tashi ta buɗe tsohon adudunta ta zaro luru guda biyu waɗanda aka kai ta ɗaki da su, sun fi uban yarinyar shekaru, ta ce a shimfiɗa a kan kujerun. Aka shimfiɗa. Ƙawayen amarya da suka shigo da yamma sai tambaya su ke a wane kanti aka sayo, har wata na cewa lalle ɗan Dubai ne.

Gonar fadama dai tana hannun mai jingina. Mun yi magana da sauran 'yan'uwa za mu haɗa abin da ya sawwaƙa a karɓo ta kafin a fara noman rani, na kuma roƙi matar ƙanena cewa in an tashi auren mai bi mata a kira ni tun kafin a je wurin kafinta.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.